Shamuwa da Rimin da Ya Faɗi

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso mu ji.

Shekarar da Kaka Shamuwa ta mutu a hanya, 'yarta da jikokinta suka iso gari, suka tarar rimin da suke yin sheƙa a kai ya faɗi.

Uwar ta ce, "Mu yi gaba."

Autarta ta ce, "Inna, manoman nan ba sa fito da iri sai sun gan mu. Kaka ba ta taɓa saɓa musu ba."

Hankaka ya kwashe da dariya. "A ƙasa za ku kwana, kamar kaji?"

Uwar ta ce, "Kaji ke kawo damina?"

Ta ɗauki tsinken rimin, ta ɗora kan rumbu, ta fara sabuwar sheƙa. Manoma suka fito da iri, ruwa ya sauka.

Ƙurunƙus, kan hankaka mai surutu.