Talle 'Yar Kowa

"Ku matso nan. Kai Ilu, cire yatsa daga hanci. To, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wani gari ne, Rafin Gauta, garin gwanayen gaisuwa. In biyu suka haɗu sai ka ji, "Yaya yara?" "Lafiya lau!" Ko waiwayen yaran ba a yi.

A garin akwai wata marainiya, Talle. Ranar da aka binne uwarta, mai gari ya gyara rawani ya ce, "Daga yau Talle 'yar kowa ce." Aka yi ta sa masa albarka. Kowa ya tafi ya ci tuwonsa.

Sai Talle ta je wajen Gambo mai ƙosai. Gambo ta ce, "Ai a gidan Malam kike ci." Ta je wajen Malam Buba da allonta. Ya karɓe allon ya rufe akurkin kajinsa da shi, ya ce, "Karatu sai an ƙoshi, je ki gidan mai gari." Mai gari kuwa yana barci. Kullum barci yake, sai ka ce aikin da aka naɗa shi ke nan.

Yunwa ta kora Talle daji neman kanya. Sai ga Kura. Ta cafke ta, ta juya ta, ta yi tsaki. "Wannan ai tsinke ce! Ke 'yar wace ce?"

"'Yar kowa."

Kura ta ja da baya. Ta ce, "Gari guda? Wallahi sai sun feɗe ni. Zauna nan, in ji ko ana cigiyarki."

Ta yafa tsohon zane, ta shiga gari. "Gambo, yaya yara?"

"Lafiya lau!"

"Malam, yaya yara?"

"Alhamdu lillahi, duk suna nan."

"Ranka ya daɗe, yaya yara? Ba wadda ta ɓata?"

Mai gari ya buɗe ido ɗaya. "A garina? Ɓace mini da gani."

Kura ta koma tana rawa. Sai dai naman babu, dole a yi kiwo. Ta kawo mata zuma, ta sato nono a ruga, ta gasa mata zabi. Don kada abincinta ya hallaka kafin lokaci, ta koya mata sawun maciji, da ganyen zazzaɓi, da 'ya'yan itacen da ba a ci. Har akurkin Malam ta fasa. Ta ci kajin, ta ɗauko allon, ta tsare makiyayi guda ya riƙa biya wa yarinyar karatu.

Damina ta wuce. Talle ta yi kumatu. Kura ta wasa haƙora, ta buɗe baki. Sai Talle ta ce, "Inna, ƙaya ce a dasashinki, tsaya in cire miki."

Inna! Kura ta zauna daɓas. Ta ce, "Kaico, na cuci kaina. Na yi kiwon abinci ya zama 'ya."

Haushi ya kama ta. Ta goya Talle, ta kai ta tsakiyar kasuwa, ta yar da zanen. "Yaya yara?"

Mutane suna gudu suna cewa, "Lafiya lau!" Baki ya riga ya saba.

Gambo ce ta fara gane ta. "Lah, Talle! 'Yarmu! Sauko, Kura ce fa!"

Talle ta ce, "Na sani. A cikinku wa zai faɗa mini ranar da na bar garin nan?"

Malam ya shiga jan carbi. Mai gari ya dubi takalminsa.

Sai Talle ta kwantar da kai a bayan Kura, ta ce, "Inna, mu je gida."

Kunya ta kashe su tsaye. Tun daga ranar, a Rafin Gauta ba mai amsa gaisuwar nan sai ya kira yaran unguwa ɗaya ɗaya, ya ga kowanne da idonsa.

Ƙurunƙus kan kusu, na sauke ta nan. Yaron da aka ce na kowa ne, a tambayi wanda ya ba shi tuwo yau.

"Ke Lantana, tun ɗazu ina jin cikinki yana kuka. Kin ci abinci?"

"Lafiya lau, Iya."

"Ba gaishe ki na yi ba. Ɗauko kwano."