Zakaran da Ya Sha Maganin Maigida

Ni dai, jama'a, duk faɗin unguwar nan babu wanda ya kai ni bin maganar likita. In ya ce a sha da safe, kafin in ajiye carbi na haɗiye. In ya ce a bar gishiri, ko hawaye ba na bari ya gangaro mini baki. Shi ya sa labarin nan yake ba ni kunya, sai ka ce ni na aikata.

Wani mutum ne, mu kira shi Tanko, sa'ana ne, har tsawonmu ɗaya. Likita ya auna shi ya ce hawan jini ne. Ya ce jijiyar mai lafiya kamar sabuwar roba take, in zuciya ta turo jini ta buɗe, ta koma. "Taka kuwa, Baba, ta soma bushewa kamar ƙirgi, kuma abin da ba ya miƙewa tsagewa yake yi." Ya ɗora shi kan ƙwaya kullum, har iyakar rai.

Tanko ya ce to. Ai "to" ba ta da nauyi a baki. Da ciwon kai ya lafa, sai ya ga namijin da ke cinye tuwonsa tas bai kamata ya zama bawan ƙwaya ba. Kullum matarsa ta miƙo, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ya yi hamdala, ƙwayar kuwa ta bi taga. Sai ranar asibiti ta matso yake sha da gaske, awo ya yi kyau, likita ya riƙa nuna shi yana cewa, "Ku yi koyi da Baba."

Ran nan abin ya tsage, mata uku suka tsaya masa.

Ta farko Asabe mai waina. A gabanta yake, yana cewa a ƙara yaji, sai magana ta murɗe, baki ya karkace. Mazan wurin suka ce iska ce, a kawo hayaƙi. Asabe ta bar tanda a wuta, ta tare keke mai ƙafa uku, ta sa aka cusa shi ciki, ba hula, takalmi wari ɗaya, miyau na zuba a idon kasuwa. Wainar ranar duk ta ƙone. Likita ya ce da an tsaya hayaƙi, da likkafani za a nema.

Ta biyu matarsa, Ladidi. Likita ya ruɗe, yaya mutumin da ba ya fashin magani zai faɗi? Ya yi niyyar ninka masa ƙarfin ƙwaya, abin da zai iya kayar da jinin gaba ɗaya. Ita kuwa ta daɗe tana lura da zakaranta mai kiwo a bayan taga. Ya daina cara, ya daina bin kaji, sai dai ya jingina da bango yana lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi bayan cin tuwo. Matar da ba ta taɓa faɗin aibin mijinta ba, ta sunkuyar da kai a gaban likita da surukai ta ce, "Likita, zakara ne ke sha." Tanko ya so gadon asibiti ya haɗiye shi.

Ta uku yayarsa, Uwale. Ta bar awakinta a ƙauye ta tare a gidan. Ta ɓoye gishiri da dunƙule. Kullum sai ta tsaya a kansa da kofi: "Buɗe baki. Ɗaga harshe." A gaban jikoki fa, mutum da furfurarsa. In ya sulale bai sha ba, ta bi shi duk inda ya shiga. Da haka ƙafa ta dawo, baki ya koma mazauninsa.

To, yanzu an haifa wa ɗansa 'ya mace, an ce Tanko ya zaɓi suna. Shi kuwa ya yi alkawari tun yana kwance, wadda ta ceci ransa ita za a yi wa takwara.

Ina kawowa nan, Sallau tela ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Barau, ba zakaran gidanka ba ne ya yi wata da watanni bai tashe mu asuba ba?"

Na ce masa mura ce.

Ya ce, "To wannan tsohuwar da ta shawo kwana da kofi a hannu fa, ita ma murar ce?"

Ban waiga ba, na san tafiyarta. Na ji an dafa mini kafaɗa.

"Buɗe baki."

Na buɗe. Na ɗaga harshe tun ba a ce ba.

To, ku gama dariyarku, amma jibi ne suna, kuma har yau ban faɗa wa liman komai ba. Da wadda ta bar wainarta ta ƙone, da wadda ta tona asirin mijinta don ya rayu, da wadda ba ta gajiya da bin ƙato da kofi, wace ce a cikinsu ta fi cancanta a yi mata takwara?