Kafar Mahaukaci

Tun kafin layin dogo ya ratsa ƙasar nan, gabas da garin Dogon Marke babu komai sai sarƙaƙiya da wata baƙar ɓauna. Tsofaffi sun ce in ta yi huci ciyawa kwanciya take yi. Mata sun daina zuwa itace ta wajen, makiyaya ma zagaye suke yi da shanunsu.

Maharba biyu ne suka shiga mata, Korau da ƙanensa Cindo, uwa ɗaya uba ɗaya. Cindo ne ya fara sa mata kibiya, ita kuwa ta ɗauke shi a ƙaho ta maka shi da gindin wani marke. Korau ya ƙarasa ta da mashi, amma kafin ya waiwayo ɗan'uwansa ya cika. A nan ya haƙa masa kabari, ya rantse ba zai bar shi shi kaɗai a dawa ba. Ya sare sarƙaƙiyar kaf da hannunsa, ya bar marken kawai. Kullum da la'asar yakan je ya zauna a inuwarsa.

A al'adar maharban yankin, wanda ya kashe ɓauna ba ya ƙara faɗin sunansa da bakinsa. In an tambaye shi ko shi wane ne, da kirari zai amsa. Na Korau shi ne: "Sai ni gagara-ƙaya, ƙafa ba takalmi! Mai shiga inda kare ya ja da baya!"

Da aikin reluwe ya iso, leburori suka zo da wasan tamaula, samarin gari suka kamu da shi. Babbansu, wani kafinta mai suna Bawale, ya je ya durƙusa gaban Korau.

"Baba, ka ara mana filin nan mana."

"Ku yi wasanku," in ji Korau. "Amma kada a taɓa marken nan, kada a tare mini hanya. Ƙanena na kwance a nan."

"Wallahi, Baba, ko ganyensa ba za a tsinka ba."

Korau bai tsaya nan ba. Ya ɗauko fatar ɓaunar ya ba wani baduku, aka ɗinka musu ƙwallonsu ta farko. An ce in aka buga ta gabas sai a ji ta yi gurnani. Da yake ba takalmi suke wasa, sai suka ari kirarin tsohon suka mai da "ni" ta koma "mu", suka kira kansu Maharban Dogon Marke. Korau yakan zauna a gindin marke yana jin su, yana dariya, yana cewa, "Cindo, ka ji 'ya'yanka."

Shekaru suka tura. Bawale ya rasu, alƙawarinsa ya bi shi kabari. Ƙungiya ta yi suna, ta koma ta ƙwararru, ana ɗauko 'yan wasa daga nesa, masu manyan riguna suka karɓi shugabanci. Wata damina ciwo ya kwantar da Korau. Kafin ya miƙe an zagaye filin da katanga, an sa ƙofar ƙarfe, marken yana ciki. Sai kuma ya ji za a sare shi a gina rumfar manyan baƙi.

Ranar wasa ya dogara sanda ya tafi, don ran nan ne ake samun shugaban ƙungiya. Mai gadin ƙofa baƙo ne, bai taɓa ganinsa ba.

"Baba, ina tikiti?"

"Wajen shugabanku na zo."

"To, in ce masa wa?"

Korau ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda. "Sai ni gagara-ƙaya, ƙafa ba takalmi!"

Mai gadi ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba, Baba! Wannan ai ko jariri ya iya ta a garin nan. Sunanka nake tambaya."

Daidai lokacin aka ci ƙwallo a ciki, dubban mutane suka ɗauka gaba ɗaya: "Sai mu gagara-ƙaya!" Korau ya sake maimaita kirarinsa, amma ko shi bai ji kansa ba. Ya buɗe baki zai faɗi sunan, harshen ya ƙi. Wanda ya riƙe al'ada tun yana da baƙin gemu, ba a bakin ƙofar ƙarfe zai yar da ita ba. Wani daga cikin masu layi ya ce, "Ku matsar da mahaukacin nan mu wuce." Aka kama kafaɗarsa aka ture shi gefe. Kaico! Da muryarsa suke murna a ciki, shi kuma ga shi a cikin kwata yana laluben sanda.

Ya zagaya gabas, ya jingina da katanga daidai saitin marken. Kullum da la'asar nan yake zama. Yana nan ya ji saran gatari, yana nan ya ji faɗuwar itacen. Abin da aka ji ya ce kawai shi ne, "Cindo, ka yafe mini." Bai kai lokacin kaka ba. A jingine da katangar aka same shi ya cika.

Tun daga ranar wurin da yake jingina a katangar ya tsage. An liƙe, ya buɗe. An rushe an sake gini da kankare, kafin damina ta wuce ya zube. Da suka gaji suka bar shi, kafa ce da mutum ɗaya zai iya bi.

Har yau Maharba na buga wasa, kofunansu sun cika kabad, kuma ba a take ƙwallo sai an yi kirarin nan, filin har girgiza yake yi. Kafar ma tana nan a gabas, marasa tikiti na bi ta ciki. Ka tambayi kowa sunanta, zai gaya maka ba tare da ya ji komai a ransa ba. Kafar Mahaukaci suke ce mata.