Ranar da Muryar Malam Tsawa Ta Ɗauke

Akwai wani malami da na sani, yara na kiransa Malam Tsawa. Sunansa na yanka ya ɓace mini, ku yi wa tsufa uzuri. Aji huɗu yake koyarwa, ko biyar. Yara saba'in, maƙogwaro ɗaya.

Bango ne ya raba ajinsa da na wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ita duk farkon zango sai ta yi mako biyu ba ta buɗe littafi ba. Tana koya wa yara shiga aji a layi, da miƙo littattafai daga bencin baya zuwa gaba, da cewa in ta ɗaga hannu kowa ya ɗaga nasa ya yi shiru.

"Gwaggo, fareti kike koyarwa?" in ji shi. "Ni har na kai babi na uku."

"Allah ya kai ka na goma, ɗana. Ka dai riƙa shan ruwan ɗumi."

Kullum da ihu yake shiga, da ihu yake fita. In ya koma gida, ko sallamar 'ya'yansa da ka yake amsawa.

Ina muka tsaya? Yauwa. Wata safiya muryar ta ɗauke. Likita ya ce wata guda ba ɗaga murya, in ba haka ba ya rasa ta. Shugaban makaranta kuwa ya ce jarrabawa ta matso, in ba zai iya ba a nemo wani.

Malam Tsawa ya shiga aji ya bubbuga tebur. Ko waiwaye babu. Ya zauna ya dafe kai har aka tashi hutun tara, sannan ya leƙa wajen Gwaggo.

"Koya mini faretin," ya ce da raɗa.

"Ai na zaci kana babi na goma." Ta matsa masa a benci. "Kana tsammani don yara kaɗai nake yi? Gwiwoyina sun daɗe da gajiya. Ba na iya zagaya aji, shi ya sa littattafan ke zuwa wurina."

Safiya uku tana shiga ajinsa tana magana a madadinsa, kowace safiya ta koya wa yaran abu ɗaya. Ranar farko da ya ɗaga hannu shi kaɗai, sai da kafaɗarsa ta yi tsami kafin a yi shiru. A mako na biyu, kafin ya ƙirga biyar an yi tsit.

Bai gama manhaja ba, babi biyu suka rage. Amma ba a nemo wani ba. Muryar ta dawo siririya, kuma ta ishe shi.

Matarsa ta aiko wa Gwaggo godiya. Ta ce yanzu in ya dawo har tatsuniya yake wa yara.

Darasi: Tsarin aji ba na ɗalibi kaɗai ba ne, shi ke bar wa malami ƙarfin da zai kai gida. Ku tura wa malamin da kuka san ya gaji.