Gonar Hakimi Ta Karya Doka

Wani hakimi ya hana ban-ruwa da ruwan kwatami, ko da an tace shi a matata. Duk gonar da ta sha, a tumɓuke shukarta.

Nomau mai lambu, da tumatirinsa ya fara bushewa, ya tafi fada.

"Ranka ya daɗe, na ga wata gona tana shan ruwan kwatami."

"Ta wa? Yau za a tumɓuke ta!"

"Taka. Rana ke ɗibar ruwan daga kwatami, ya zama hadari, ya zubo mata."

"Kai! Ai wannan ya riga ya tacu."

"Ashe in ya tacu shi ke nan? Godiya nake."

Hakimi ya tuntsire da dariya. "Ja'iri! A gwada ruwan matatar. In lafiyarsa lau, je ka shayar da tumatirinka. Kwandon farko nawa ne."