Agogon da Tukur Ya Tura Gaba

An ce wai a wani kamfanin haɗa manhaja a Kaduna an yi wani ma'aikaci, Tukur, gwani ne a aiki, amma azzalumi ne: shi ya ɓata wuri, ya kuma ɗora wa wata laifin.

Manhajar tasu ta shagunan magani ce, aikinta ta hana a sayar da maganin da wa'adinsa ya ƙare. Kafin a kai wa masu shago kowane gyara, sai an bi ta da gwaje-gwaje. Na Tukur ke fara gudana, na Zuwaira su biyo baya, duka a rumbun bayanai ɗaya, da agogo ɗaya da ke nuna wa manhajar kwanan wata.

Zuwaira sabuwar ɗauka ce, ana kan duba ko za a tabbatar da ita. In ta gwada nata ita kaɗai, allon kwamfuta ya yi kore shar, alamar komai daidai. Da an haɗa da na kowa sai ya rine ja, wai duk maganin da ke rumbun ya lalace. Ta duba, ta sake dubawa, har ta fara zargin kanta. Tukur kuwa yana bin abokan aiki yana raɗa musu cewa hannunta bai nuna ba, kada a yi gangancin riƙe ta.

Maganar ta kai kunnen Malam Ɗayyabu, shugaban sashen, dattijon da ba ya yanke hukunci da jita-jita. Ya tara su, ya ce ba zai karanta aikin kowa ba. Abu ɗaya yake so: a juya jerin, na Zuwaira a gaba, na Tukur a baya.

Tukur ya yi zumbur ya miƙe. "Yallaɓai, ai jerin nan ba a taɓa shi. Haka muka saba."

"Zauna, Tukur. Gwajin kirki ba ruwansa da wanda ya riga shi. Me kake bari a bayanka da ba ka so a gani?"

Aka danna maɓallin fara gwajin. Zuwaira ta zuba wa allon ido. Layi na farko ya fito kore, na biyu kore, sai ga su suna zubowa kamar an ɓalle famfo, babu ja ko ɗaya. Ba ta san lokacin da ta miƙe tana tafi ba, ofis ya kaure da sowa.

Sai Malam Ɗayyabu ya sa aka duba agogon rumbun bayan gwajin Tukur ya kammala. Ashe Tukur yana tura shi shekaru gaba don ya ga ko manhajar za ta gane lalataccen magani, ba ya kuma mayar da shi, shi ya sa gwajin Zuwaira ke tarar da wa'adin kowane magani ya wuce. Da aka matsa masa, ya ce tuni ya lura, amma ya ga gyarawar za ta tona shi.

Nan take Malam ya kafa doka: kowane rukunin gwaji a ba shi sabon rumbu da agogonsa, a share in ya gama, jerin kuma a riƙa yamutsa shi kullum. Ya ce, "Kuskure a wurin tarayya gyara shi ake yi. Wanda ya gan shi ya yi shiru don wani ya faɗi, shi ne ba a zama da shi."

Aka tabbatar da Zuwaira. Tukur kuwa, aka karɓe kwamfutar kamfani daga hannunsa, aka kore shi.