Kwandon Ganyen Genroku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda yake fitar da ɗanyen tofo daga busasshen reshe, ya ba harshe ɗanɗano, ya sanya zuciya ta zama mai shaida a kan mai ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa amintacce, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wani ƙauye da ke can cikin tsaunukan Kyushu, a ƙasar Japan, an yi wani mutum mai suna Tsunezo. A duk kwarin nan babu wanda ya kai shi iya suyar ganyen shayi a kasko. Gwani ne na haƙiƙa, kuma ya san shi gwani ne. Aibinsa guda ɗaya ne, amma babba: bakinsa bai iya furta "na yi kuskure" ba. In wuta ta ƙi kamawa, laifin itace ne. In shayi ya yi ɗaci, laifin ruwa ne. Matarsa Fusae takan ce shekara talatin tana jiran ta ji wannan kalma daga bakinsa, har ta daina sa rai.

Wanda ya koya masa sana'ar wani dattijo ne, Genroku, mai shekara tamanin da uku. Idonsa ya dushe, hannunsa na rawa, ya daɗe da barin bakin kasko. Abin da ya rage masa harshensa ne, kuma da shi yake tinƙaho. Duk wanda ya soya sabon shayi a ƙauyen, sai ya kai masa ya ɗanɗana ya faɗi hukuncinsa. A gangaren bayan gidansa akwai tsofaffin bishiyoyin shayi kimanin arba'in, waɗanda kakansa ya shuka daga iri. Ba su da yawan ganye, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Ɗansa Noboru ya daɗe yana son ya tuge su ya dasa sabon iri a jere, kamar yadda kowa ya yi, har da Tsunezo.

Wata safiya a farkon bazara, Noboru ya sauko da kwando a bayansa, ya dire shi a ƙofar rumfar suya.

"Yaya Tsunezo, ga dukiyar tsoho nan. Mu uku muka tsinka tun da asuba, abin da muka samu ke nan."

Tsunezo ya leƙa kwandon. "Wannan ai ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba."

"Ka faɗa masa mana, ni na gaji. Mun dai yi yarjejeniya. Ya ce zai ɗanɗana na bana. In har yana da ɗanɗanon da ya sani, ba mai taɓa bishiyoyin yana raye. In babu, in kawo gatarina. Ya ce in gaya maka ka shanya shi a inuwa, ka soya kafin rana ta take."

"Ni zai koya wa shanya ganye?"

"Ai shi ya koya maka da farko," in ji Noboru, yana dariya, ya juya ya hau hanyarsa.

Tsunezo ya ɗauki kwandon zai juye a tabarma, sai ga mota ta tsaya. Wasu jami'an gona ne su biyu, tare da mai ɗaukar hoto na wata jarida, sun zo ganin gwanin da ake ba su labari. Ya dubi ganyen Genroku, wani babba wani ƙarami, wani mai jan baki. Ya ga bai dace da hoto ba. Sai ya tura kwandon bayan rumfa, ya ce a ransa, yanzu zan dawo kansa. Ya ɗebo nasa ganyen, mai kyan gani, kai ɗaya.

Ya iza wuta har gindin kaskon ya soma ja. Ya watsa ganye, ganye ya ɗauki ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Ya shiga juyawa da hannu biyu, yana ɗagawa yana zubarwa don tururi ya fita. Da ƙarar ta lafa, ganye ya yi laushi, ya kwashe ya zuba a tabarma, ya durƙusa yana murzawa har ruwansa ya fito. Ya mayar da shi kasko a kan wuta mai sauƙi, ya sake kwashewa, ya sake murzawa, har ganyen ya bushe ya nannaɗe, ƙamshin kasko ya cika rumfar. Baƙin suka yi ta yabo. Mai hoto ya roƙi a sake, aka sake. Aka ci abinci, aka sha shayi, Tsunezo yana ta bayani. Rana ta take, ta zagaya bayan rumfa, ta sauka a kan kwandon.

Da la'asar Fusae ta dawo daga tsinka. Ita ta ga kwandon. Ta cusa hannu cikinsa, ta ji zafi kamar jikin mai zazzaɓi. Ganyen ya dafe a kan juna, ya yi ja, yana tashin tsami.

"Maigida, wannan ba na Malam ba ne?"

Tsunezo ya ƙara itace, ya juye ganyen a kasko, wai ko wuta za ta gyara abin da rana ta ɓata. Gaggawa ta sa wutar ta yi yawa. Abin da bai ruɓe ba ya ƙone, ƙauri ya tashi.

Fusae ta ce, "Ka hau yanzu ka gaya masa. Zai yi faɗa, ya huce. Baɗi ma shekara ce."

"In je in ce masa ni, Tsunezo, na bar ganye a rana kamar sabon shiga? Gobe duk kwarin nan ya ji."

"To me za ka kai masa? Toka?"

Sai Tsunezo ya ɗauko shayin da ya soya a gaban baƙi, mafi kyawun abin da ya fito daga hannunsa a wannan shekara. Ya auna daidai abin da kwandon zai bayar, ya ƙulle a takarda.

"Wannan ya fi nasa sau goma," in ji shi. "In ya sha, zai ce bishiyoyinsa ba su taɓa yin kyau haka ba. Ke ba ki ga taimakonsa na yi ba?"

"Na ga dai wanda ka taimaka," in ji Fusae, ta ɗauki kwandon ta fita.

Bayan kwana uku ya hau gidan malaminsa. Genroku na zaune a baranda, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo. Noboru ya dafa ruwa, ya zuba kofin farko ya ajiye a gaban allunan sunayen magabatansu, kamar yadda al'adarsu take ga sabon shayi. Na biyu ya miƙa wa tsohon. Genroku ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ya sake kurɓa.

"Yana da daɗi," in ji shi a ƙarshe. "Mai laushi ne. Amma nawa yakan fara cizon harshe, sa'an nan zaƙi ya biyo baya daga maƙogwaro. Ban ji cizon ba. Tsunezo, kai ka soya da hannunka?"

"Da hannuna na soya, Malam."

Wannan magana gaskiya ce a lafazi, ƙarya ce a ma'ana, kuma mai faɗinta ya san haka tun kafin ta gama fita.

Genroku ya gyaɗa kai. "In kai ne, to ba daga kasko ba ne. Saura abu biyu. Ko bishiyoyin sun tsufa sun rasa abin da ke cikinsu, ko harshena ne ya mutu ya riga ni. Kowanne ne, na faɗi. Noboru, bayan kaka ka kawo gatarinka."

"Baba, ba sai an yi sauri ba," in ji Noboru, don shi ma bai ji daɗin irin wannan nasara ba.

"Alkawari alkawari ne."

Tsunezo ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Ruwan ma kamar ya ɗan yi zafi da yawa."

Daga ranar nan Genroku ya daina ɗanɗana wa mutane shayi. Duk wanda ya kai masa, sai ya ce, "Ku kai wa Tsunezo. Ni harshena ya yi murabus." Mutane suka koma wajen Tsunezo, girma ya ƙaru masa, kowane kofi da aka miƙo masa yana karɓa kamar garwashi. Hotonsa ya fito a jarida. Fusae ta tambaye shi ko a manna a bango, ya ce ta sa a aljihun tebur. Abinci ya daina yi masa daɗi. Sau biyu yana hawa gangaren da niyyar faɗin gaskiya. Karo na farko suka yi hirar ruwan sama. Karo na biyu ya tarar da baƙi, ya ji daɗin samun dalili, ya sauko.

"Har yanzu?" Fusae takan tambaya.

"Akwai lokaci. Sai bayan kaka."

"Kakar ma ai ba ta jiran mai kunya."

Ana gama yankan shinkafa, wata safiya ya ji sara daga sama. Noboru ya sami masu taya shi aiki, bai ga dalilin jira ba. Tsunezo ya bar abin da yake yi ya hau da gudu irin na mai shekara hamsin da biyar. Da ya isa, bishiyoyin na kwance a gangare, saiwoyinsu masu tsawon mutum suna kallon sama. Ko ɗaya ba ta rage a tsaye ba.

Genroku na baranda, ya juya wa gangaren baya. Tsunezo ya durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya sa goshinsa dab da ƙasa.

"Malam, shayin da ka sha a bazara ba naka ba ne. Nawa ne. Naka na bar shi a rana saboda baƙi, ya ruɓe, na ƙona sauran. Na yi kuskure, sa'an nan na yi maka ƙarya."

Masu sara suka tsaya. Tsohon ya daɗe yana kallon inda muryar take fitowa.

"Sabon iri ne na sha?"

"Shi ne, Malam."

"Ashe harshena bai yi mini ƙarya ba." Ya yi wata 'yar dariya gajera, wadda ba ta kai ido ba. "Wata shida ina makokinsa, ashe yana raye. Na zargi bishiyoyin kakana, na zargi bakina. Kai kaɗai ne bai zo mini a rai ba."

"Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

"Wane hukunci? Ganye ai kowa na ɓatawa. Ni ma na ƙona kwando biyu a shekarar da na yi aure, babana ya bi ni da muciya. Da ka zo a ranar, da mun yi dariya. Tashi, ƙasar da sanyi. Na yafe maka ganyen. Sauran kuwa, ka ba ni lokaci, in ina da shi."

Tsunezo bai koma gida ba. Ya bi rassan da aka sare ɗaya bayan ɗaya, yana tsintar 'ya'yan da suka nuna, har ya cika hularsa. Ya tuge layi biyu na nasa sabon irin, a wuri mafi kyau a gonarsa, ya shuka su. Ya san shayin da aka shuka daga iri ba ya fitowa daidai da uwarsa, kuma ya san sai ya shekara biyar kafin a tsinki ganyensa. Genroku ya rasu a shekara ta biyu, tsiron bai kai gwiwa ba.

Ya kai mai karatu, ka lura cewa ba rana ce ta tuge bishiyoyin nan ba, ba kuma wuta ba. Kuskure ya ci kwando ɗaya, ɓoye shi ya ci gona sukutum, ya kuma sa dattijo ya zargi ni'imar da Allah ya bar masa. Wanda aka ba amana, abin da aka ba shi ake so ya mayar, ko labarinsa na gaskiya. Musanya shi da abin da ya fi shi kyau ba ya fitar da mutum daga ha'inci. Mafi tsananin cutarwar ƙarya tana sauka ne a kan wanda ya fi yarda da kai, domin shi zai tuhumci kansa kafin ya tuhumce ka. Kuma neman gafara yana da lokaci kamar yadda suyar ganye take da lokaci: in an jinkirta, ana iya samun yafiya, amma ba a samun abin da ya salwanta. Allah ya sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin laifinmu tun yana ƙarami, ya tsare mu daga girman kai da cin amana, ya gafarta wa wanda ya rubuta wannan da wanda ya karanta, ya haɗa mu da kyakkyawan ƙarshe. Amin.